Kuɗin binciken noma: a tambaye mu kafin a kashe, ba bayan an kashe ba

Akwai maganar da na jima ina son in yi, kuma na san wasu abokaina masu aikin proje ba za su ji daɗinta ba, toh sai dai su yi haƙuri. Duk shekara ana kashe kuɗi da sunan binciken noma a nan arewacin Kamaru da can Cadi, wani na gwamnati wani na Bankin Duniya wani na Faransa, kuma kowace takarda ka buɗe za ka ga an rubuta wai aikin tare da manoma ake yi. Ni tambayata guda ce, a wane lokaci ne ake tare da manoman? Lokacin da ake zaɓen abin da za a bincika a yanka masa kuɗi, ko kuwa sai an gama komai an ƙullo iri a leda ana neman wanda zai tsaya a gona a ɗauke shi hoto?

Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, wake da albasa nake saye ina ajiyewa a Marwa, sannan gidanmu akwai karal, wato baƙar ƙasa mai riƙe ruwa, da muke dasa masakwa, dawar rani, duk shekara. Kenan duk abin da masu bincike suka fitar, in mai kyau ne a aljihuna zan gani, in marar kyau ne ma a aljihun nawa zan gani. Shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

An taɓa gayyatarmu wani taro a wani otel, ni da baffana da wasu 'yan ƙungiya, wai za a ji ra'ayinmu kan wani sabon shiri. Mun je, an ba mu biro da ɗan littafi da ruwan gora, aka kashe fitila aka haska bango. Daga safe har azahar faransanci ake zubawa, mai fassara yana juya abin da ya iya da fulatanci, rabi yana wucewa. Abin da na lura da shi shi ne, tun a hoton farko da aka haska an riga an rubuta amfanin gonar da za a yi aiki a kai, da ƙauyukan, da shekarun, har da yawan motocin da za a saya. Da aka zo wajen tambayoyi baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, albasarmu da take ruɓewa a rumfa kafin ta yi kuɗi fa, tana ciki?" Mutumin, kuma wallahi mutumin kirki ne, ya ce "Baba tambayarka tana da kyau ƙwarai, amma ba ta cikin wannan shirin, za mu rubuta." Aka rubuta. Aka raba kuɗin mota, kowa ya sa hannu. A hanya baffa yake ce min, "Ɗana, wannan ai tela ne ya gama ɗinka maka riga sannan ya zo da tef zai auna ka."

Ban ga laifin ma'aikacin ba. Shi ma haka aka miƙo masa, wanda ya ba da kuɗin ya riga ya faɗi abin da yake so tun daga Yaunde ko ma daga wata ƙasa, shi kuma in ya kauce layi ba za a sake masa kaso na biyu ba. Matsalar tana can sama, wajen da ake yanke cewa wannan tambayar ta cancanci miliyan kaza waccan kuma ko sisi, kuma a teburin nan ba kujerarmu.

Kar wani ya ɗauka ina cewa masu bincike ba sa aiki. Suna yi. IRAD, cibiyar binciken noma ta gwamnatin Kamaru, wadda aka kafa a 1996 bayan an haɗe cibiyar binciken noma da ta dabbobi, tana da mutane a Marwa da Garwa da Wakwa kusa da Ngaundere waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan dawa da wake da shanu, Cadi kuma suna da tasu cibiyar, ITRAD, da tsohuwar tasharsu ta Bebejiya. Bari in kawo abubuwa guda biyu da suka fito daga Marwa ɗin nan, don a ga bambancin aikin da aka fara shi daga bakin mai amfani da wanda aka fara daga ofis.

Na farko dawar S35. Asalinta daga cibiyar binciken noma ta ICRISAT ne a Indiya, ta biyo ta Samaru a Najeriya ta shigo nan, aka yi ta gwajinta a gonaki. A 1984, shekarar farin nan da tsofaffi ba sa mantawa, ta ba da mamaki, don tana nuna da wuri, dawar gida ta ƙone ita ta yi. A 1986 aka sake ta ga manoma da murna. Amma da damina ta dawo daidai sai aka fara ganin ɗaya fuskar, tunda ita ce take fara nuna a duk karkarar tsuntsaye a kanta suke sauka, kuma in ruwa ya ci gaba da zuba bayan ta nuna sai ƙwayar ta yi baƙi ta yi fumfuna. Wasu sun riƙe ta, musamman inda ruwa ke ƙaranci, a Cadi ma ta samu karɓuwa sosai wajen Gera, wasu kuma suka koma wa jigarinsu, jar dawar gida. Ba mugun iri ba ne ko kaɗan. Sai dai maganar tsuntsu, duk yaron da ya taɓa wuni a kan dakali yana kaɗa gwangwani zai gaya maka cewa gonar da ta riga saura nuna ita ce abincin jan baki. Wannan ba sai an kashe shekaru ba kafin a sani, tambaya kawai ake yi tun ranar farko.

Na biyu buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, wanda yanzu ake kira PICS. Mutane da yawa suna amfani da shi a Kano da Maraɗi da Wagadugu ba su san a nan aka faro shi ba. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike daga jami'ar Purdue ta Amurka da na cibiyar Marwa suka dubi yadda mutane ke fama da ƙwaron wake, manomi ya girbe a Oktoba dole ya sayar da arha don in ya ajiye wata biyu uku sai ya tarar da gari da ramuka. Suka bi abin da mutane ke yi da kansu, masu cakuɗa wake da toka, masu shanya shi a rana, masu toshe shi a durom. Suka gwada tokar suka gano yawan da ke aiki, suka gwada baƙar leda da zafin rana, suka gwada leda cikin leda cikin leda. Wannan ta ƙarshen ita ta zama buhun yau, leda biyu masu kauri a ciki buhu saƙaƙƙe a waje, ka matse iska ka ɗaure kowace daban, ƙwaron ya shanye ɗan iskar da ta rage ya mutu da kansa ba ko ɗigon magani. Sai a 2007 da gidauniyar Gates ta sa kuɗi abin ya bazu a ƙasashe. Ka lura da tazarar, kusan shekara 20 abu mai amfani yana nan a ajiye don ba wanda ya yanka kuɗin kai shi kasuwa. Da a ce masu ajiyar wake ne ke da murya a kan asusun, ni dai ban yarda za a yi wannan jiran ba. Kuma wanda ya san irin ƙwayoyin da ake jefawa cikin buhunan wake a sito, har Tarayyar Turai ta hana shigo da waken Najeriya a 2015 saboda ragowar magani, ya san wannan ledar ba ƙaramin rai ta ceta ba.

Yanzu ga masakwa, wadda 'yan Cadi ke ce wa berbere. Wannan kam ba proje ya kawo ta ba. Mutane ne da kansu suka gane cewa baƙar ƙasar karal tana riƙe ruwan damina a cikinta, sai a yi reno a watan Agusta zuwa Satumba, ruwa na janyewa a share ciyawa, a zo da sanda mai tsini a soka rami, a zuba ɗan ruwa da gwangwani, a sa dashe biyu bayan an datse musu ganye da saiwa, shi kenan, ba ruwan sama ba ban ruwa har Janairu ko Fabrairu a girbe. Ka tsaya a karal da rana tsaka ƙasa ta tsattsage har ƙafarka na iya shigewa amma dawa kore shar. Irinta kala-kala ne, safrari, majeri, burguri, ajagamari, kowace da irin ƙasar da take so da irin tuwonta, kuma goggona tana iya bambance su da ido rufe in ta taɓa garin. Wannan abincin shi ke riƙe gidaje da yawa a Diyamare, yankinmu na Marwa, in damina ta ba da baya. Amma ka kwatanta hankalin da aka ba ta da wanda aka ba auduga, ko kusa. Tsutsar da ke huda kara, tsuntsu, karal da ke mutuwa ya koma fako, wahalar share ciyawa da ta sa kowa ya koma feshin magani ba tare da wani ya zauna ya gaya mana abin da zai yi wa ƙasar nan da shekara talatin ba, duk tambayoyi ne da ke nan suna jiran mai biya.

Auduga kuwa ta samu gata ne don tana da mai biya mata. SODECOTON, kamfanin audugar Kamaru, tun 1974 take Garwa, tana buƙatar iri mai kyau da maganin ƙwari don ribarta a nan take, sai take sa kuɗi a bincike, shi ya sa ake ta fitar da irin IRMA ɗaya bayan ɗaya, kuma manoman auduga suna da ƙungiyarsu ta CNPC-C mai zama a yi magana da ita. Mutum zai iya yin ƙorafi kan farashi ko bashin taki, wannan daban, amma abin lura shi ne inda mai amfani da bincike yake sa kuɗinsa, binciken yana tafiya kuma ba ya tsayawa don proje ya ƙare. Albasa fa? Albasar Gudami da ake lodawa tirela tirela zuwa Yaunde da Duwala har Gabon, wa ke biya mata? Lokacin girbi wajen Fabrairu zuwa Afrilu ta cika kasuwa ba daraja, wanda ya iya riƙe ta zuwa ƙarshen damina shi ke cin riba, amma kana buɗe rumfa warin ruɓa ne zai fara tarbarka, ka yi ta tsince kana zubarwa. Shin yawan takin zamani ne ke sa ta ruɓa, ko ban ruwan da ake yi dab da cira, ko irin ne ya gauraye, ko ginin rumfar? Kowa da abin da yake faɗa a majalisa. Gwaji na shekara biyu uku a rumfunanmu zai raba gardamar.

Wasu ƙasashe sun gwada ba masu amfani makullin. A Kodebuwa akwai asusun FIRCA da ya fara aiki tun farkon shekarun 2000, ana cire ɗan wani abu daga koko da roba da kwakwar manja da auduga da kashu, kuɗin ya taru, kuma masu noman da masu sana'ar su ne suka fi yawa a majalisar da ke yanke abin da za a yi da shi. Su ke cewa ga matsalarmu, a yi shela, cibiyoyin bincike su kawo tayi, a zaɓa, a sa hannu a kwangila, in ba a ga aiki ba a tambayi dalili. Har suna ware wani kaso don amfanin gonar da ba ta da ƙarfin tara nata. A Mali tun tsakiyar shekarun 1990 aka kafa kwamitocin masu amfani da sakamakon bincike a kowane yanki, manoma na zama suna duba shawarwarin masu bincike kafin a amince. A Ostireliya manoman hatsi suna ba da kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin amfaninsu ga hukumar GRDC tun 1990, gwamnati ta ƙara nata a kai. Ba wai can aljanna ba ce, na Mali ɗin ma da kuɗin masu ba da tallafi ya ja baya kwamitocin sun yi sanyi, kuma wannan kansa darasi ne, kujera ba tare da asusu ba ba ta daɗewa.

Toh amma fa in na tsaya nan na yi ƙarya, don abin yana da ƙaya.

Ƙaya ta farko, wane ne "manomi" ɗin? Duk mun san yadda ake yi. A ce a kawo wakilin manoma, sai a kawo wani alhaji mai babbar riga wanda rabonsa da fartanya tun zamanin Ahijo, ko ɗan'uwan lawan, ko wanda ya iya faransanci kawai. GIC, wato ƙananan ƙungiyoyin manoma masu rajista, nawa aka buɗe a jaka, shugaba da ma'aji da sakatare duk 'yan gida ɗaya, don a ci kuɗin proje? In irin waɗannan za a ba makullin gara a bar shi inda yake. Kuma masu amfani da bincike ba masu gona kaɗai ba ne. Matar da ke surfe da niƙa ta san dawar da ke ba da gari da wadda rabi dusa ce. Mai ƙosai ta san waken da ke tashi da wanda ke shan mai. Mai tuya ƙuli ta san gyaɗar da ke da mai. Makiyayi yana kallon kara da harawa ne ba ƙwaya ba, iri mai gajeren kara da kai kake murna da shi, shi asara ce a wurinsa. Direban tirela ya san albasar da ke kai Duwala lafiya. Waɗannan ba a kiransu taro, in an kira mata ma sai a jera su a baya su yi shiru har a tashi. Ni a ganina zaman mata daban ya kamata a yi, da yaren da suke ji, fulatanci ne ko hausa ko kanuri ko larabcin shuwa ko tupuri ko mafa, kuma abin da suka zaɓa ya zo da kasonsa na kuɗi, ba wai a "rubuta" ba.

Ƙaya ta biyu, mu kanmu idonmu kusa yake gani. Ka tambaye ni yau zan ce maka ruɓar albasa da tsadar taki. Ba zan ce a ajiye tsofaffin irin dawa a ɗakin sanyi ba, ba zan ce a biya wa yarinya karatun digiri kan cutar tsiro ba. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka a 2016, kafin ta iso ba manomin da zai ce a bincike ta don bai taɓa ganinta ba. Wuta-wuta an yi shekaru ana fama da ita kuma ba a shekara uku ake gama ta ba. Saboda haka ba cewa nake a kwashe duka a ba mu ba. Albashin masu bincike, ɗakunan gwaji, aikin dogon zango, wannan nauyin gwamnati ne, kuma gwamnatocinmu sun sa hannu a Maputo a 2003 cewa kashi 10 cikin 100 na kasafi zai tafi noma, Tarayyar Afirka kuma ta ce a sa aƙalla kashi 1 cikin 100 na arzikin da noma ke samarwa a bincike, Kamaru da Cadi duk ba su kai nan ba. Su cika nasu. Abin da nake nema shi ne wani kaso, ko da ƙarami ne, wanda ba ya fita sai da sa hannunmu.

Ƙaya ta uku ita ta fi ba ni tsoro. Ka ce za a cire wani abu a kan kowane buhu, nan take gaban ɗan kasuwa zai faɗi, don daga Marwa zuwa Ngaundere tikiti nawa muke yanka, shinge nawa muke tsayawa? In kuɗin binciken zai bi ta baitulmali ya tafi Yaunde sannan mu yi ta rubuta wasiƙa a dawo mana da shi, toh haraji ne kawai aka ƙara mana aka sa masa suna mai daɗi. Sai dai in a wurin lodi za a karɓa, a asusun da ke nan garin, a manna lissafin a bango duk wata kowa ya gani, kuɗi kuma ba ya fita sai da hannu uku, na masu noma, na masu saye da sarrafawa, da na cibiyar bincike. Ko sefa 50 ne a buhu, ka lissafa buhunan da ke fita a kaka ɗaya ka gani ko ba za su ɗauki nauyin gwajin rumfa ba.

Kuma yadda nake hango shi ba wani abu ne mai wuya ba. Bayan girbi kowace ƙungiya ta zauna ta fitar da damuwarta uku, a haɗa, a yi ƙuri'a ko da da tsakuwa ne a ƙwarya. Masu bincike su zo su ce wannan an riga an san amsarta ga ta, wannan za ta ci kaza cikin shekara kaza, wannan kuma ba za ta yiwu ba, don wani lokacin abin da muke nema tuni yana cikin kabad ɗinsu ba wanda ya kawo mana. A yi gwajin a gonakinmu da rumfunanmu, ba a tasha kaɗai inda ake da ruwa da taki da leburori ba. Rabin kuɗi a farko, sauran sai sun dawo sun tsaya gabanmu sun faɗi abin da suka samu, ko da abin da suka samu shi ne "bai yi ba", wannan ma amsa ce kuma mun biya ta. Wani ɗan binciken da muke shan shayi tare ya ce min shi wallahi zai fi son haka, don yanzu rabin lokacinsa a rubuta rahoto ga mutanen da ba su taɓa ganin karal ba yake tafiya, sai dai ya ce in yi hankali, ranar da manoma suka fara biya za su so amsa kafin damina ta gaba, kimiyya kuma ba ta san gaggawa ba. Na ce masa mu da muke dasa abu a busasshiyar ƙasa mu jira wata huɗu, a gwada mu tukuna.

In Allah ya kai mu taron ƙungiya na bayan girbin masakwa zan kawo maganar sefa 50 ɗin, mu fara da albasa tunda ita ce kuɗinta ke hannu. Na riga na san wanda zai fara miƙewa ya ce a ba shi ajiyar kuɗin, kuma na riga na shirya wa zan sa ya ce a'a, don ni in na faɗa da bakina za a ce rashin kunya ce ga babba.